Yadda ake lalubo maganin farfaɗiya da ya dace da yaro: jagora ga iyaye a Damagaram

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda ke faruwa idan wasu ƙwayoyinta suka saki lantarkinsu gaba ɗaya ba bisa tsari ba, kuma tana cikin cututtukan da maganin asibiti ke iya dannewa sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 daga cikinsu za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gane ciwon daidai an ba su maganin da ya kamata. Wahalar tana wajen gano wanda ya kamata ɗin, domin maganin da ya kwantar da ciwon ɗan maƙwabci yana iya tayar da na naka yaron. Abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin a ce magani ya dace: ya yi daidai da irin faɗuwar, jikin yaron ya karɓe shi, kuma iyaye su iya samunsa kowane wata ba tare da yankewa ba. A garinmu na ukun ne ya fi kayar da mutane.

Mataki na farko: a tabbatar farfaɗiya ce

Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 yana iya yin jijjiga saboda zafin jiki kawai, kuma mafi yawan irin waɗannan yara suna girma su bar abin ba tare da shan magani na kullum ba. Haka kuma zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da faɗuwar sukari a jini, duk suna kawo jijjiga a lokacin da ciwon ke jiki, kuma abin da suke buƙata shi ne a garzaya asibiti a yi maganin ciwon da ya jawo su. Likita yana kiran abu farfaɗiya ne idan yaro ya faɗi sau biyu ko fiye, da tazarar da ta wuce awa 24 tsakani, ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na nan take ba, ko kuwa ya faɗi sau ɗaya amma gwaji ya nuna abin zai maimaitu.

Sai dai waɗancan cututtukan suna iya barin tabo a ƙwaƙwalwa wanda daga baya zai zama farfaɗiya. Don haka a gaya wa likita idan yaron ya taɓa suma da zazzaɓi a damina, ko ya kwanta da sanƙarau, kamar wanda ya ɓarke a jihar Damagaram a ƙarshen 2022 da farkon 2023, ko an sha doguwar naƙuda bai yi kuka da wuri ba ranar haihuwarsa, ko ya bugu a kai a haɗarin kabu-kabu, ko yana da amosanin jini, ko akwai mai irin ciwon a dangi.

Mataki na biyu: a kai wa likita bayanin faɗuwar kamar yana wurin

Likita ba kasafai yake ganin faɗuwar da idonsa ba, yaron kan zo masa garau, saboda haka zaɓin magani ya dogara ne kan abin da iyaye suka gani. Wanda ya shaida abin shi ya kamata ya raka yaron, ko da kaka ce ko yayarsa ko malamin makarantar allo. Mafi amfani a yau shi ne hoton bidiyo na salula: mutum ɗaya ya kula da yaron, wani ya ɗauki fuskarsa da hannuwansa da ƙafafunsa tun daga fari har ya farfaɗo. Iyaye da yawa suna jin nauyin ɗaukar ɗansu a wannan hali, kuma abin fahimta ne, amma minti ɗaya na bidiyo ya fi dogon bayanin baki, kuma ba wanda za a nuna wa sai likita.

Abin da ake son sani shi ne yadda abin ke farawa. Akwai faɗuwar da ke kama jiki duka lokaci guda, yaro ya sandare, ya yi jijjiga, wataƙila ya ciji harshe ko ya saki fitsari. Akwai wadda ke farawa daga gefe ɗaya, hannu ko kusurwar baki ta fara motsi, ko kai da idanu su karkata, ko yaron ya ce yana jin wani wari ko tsoro ko wani abu na taso masa daga ciki, sannan ta tsaya nan ko ta bazu. Akwai kuma ɗaukewar hankali ta ƴan daƙiƙu, yaro ya ƙura ido ya daina magana sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, sau da yawa a yini, har a makaranta a riƙa dukansa ana cewa ba ya mai da hankali. Wasu kuma zabura suke yi da safe bayan tashi daga barci, kofin kunu ya suɓuce daga hannu. Na jarirai ya fi kowanne gaggawa: jariri ɗan wata 3 zuwa shekara 1 ya riƙa dunƙulewa farat ɗaya, kai ya sunkuya, hannuwa su watsu, a jere a jere, musamman in ya farka. Ana yawan ɗaukar wannan ciwon ciki ne, alhali kowane mako na jinkiri yana cutar da ƙwaƙwalwa, kuma maganinsa daban ne, prednisolone mai yawa ko vigabatrin a ƙarƙashin kulawar likitan yara.

Daga asibitin unguwa ko na gunduma, irin na Mirriya ko Magarya ko Tanut, a nemi takardar turawa zuwa sashen yara na Babban Asibitin Damagaram ko Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro. Gwajin da ake kira EEG, wanda ake manna wayoyi a fatar kai don karanta lantarkin ƙwaƙwalwa, yana taimakawa wajen rarrabe ire-iren nan, ba ya ciwo kuma ba ya sa wa yaro lantarki. Amma sakamakonsa yana iya fitowa lafiya ƙalau a yaron da ke da farfaɗiya, kuma rashin samun gwajin ba hujja ba ce ta jinkirta magani in bayanin ya fito fili. Hoton kai na sikana an fi buƙatarsa idan faɗuwar ta gefe ɗaya ce, ko yaron yana da raunin hannu ko ƙafa, ko yana komawa baya a magana da tafiya.

Mataki na uku: zaɓen maganin farko

Ƙa'idar ita ce a fara da magani guda ɗaya. Magungunan da aka fi samu a nan kaɗan ne, kuma kowanne yana da inda ya fi ƙarfi da inda yake cutarwa.

Phenobarbital, wanda kowa ya sani da sunan Gardénal, shi ne mafi tsufa, tun 1912 ake amfani da shi, kuma shi ne mafi araha da sauƙin samu. Yana aiki a kan faɗuwar jiki duka da ta gefe ɗaya, ana iya shansa sau ɗaya da dare, kuma ga jarirai sababbin haihuwa har yanzu shi ne na farko. Ba ya maganin ɗaukewar hankali. Aibinsa a yara shi ne wasu yana sa su barci da nauyin kai, wasu kuma yana mai da su masu ƙiriniya da saurin fushi, karatu ya yi baya. A ganina bai kamata a raina shi don arharsa ba, kuma bai kamata a bar yaro ɗan makaranta a kansa shekara da shekaru ba tare da an tambayi malaminsa yadda yake a aji ba.

Valproate, wato Dépakine, shi ne mai faɗin aiki: yana kama faɗuwar jiki duka, da ɗaukewar hankali, da zabura. Yana ƙara cin abinci da ƙiba, yana iya sa rawar hannu da zubar gashi. Hatsarinsa babba guda biyu ne. Na ɗaya hanta, musamman a yaran da ba su kai shekara 3 ba, cikin watanni 6 na farko. In aka ga amai mai naci, kasala, ciwon ciki mai tsanani ko idanu sun yi rawaya, a koma asibiti a ranar. Na biyu ya shafi ƴaƴa mata, domin idan mace ta ɗauki ciki tana shansa, kusan jariri 1 cikin 10 kan zo da nakasa, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 kan samu matsalar koyo ko magana. A inda ake aurar da yarinya da wuri wannan magana ce da za a yi da likita tun tana ƴar shekara 9 ko 10, don a samu lokacin sauya mata magani a tsanake kafin ta balaga.

Carbamazepine, wato Tégrétol, shi ne gwanin faɗuwar da ke farawa daga gefe ɗaya. Amma idan aka ba yaron da ke da ɗaukewar hankali ko zabura, ciwon yana iya ƙaruwa, kuma nan ne kuskuren bayani a mataki na biyu ke fitowa. Yana sa jiri da gani biyu-biyu idan an hau da sauri. Phenytoin yana da irin wannan hali na tsananta ɗaukewar hankali, ga kumburin dasashi da tsiron gashi, ga wahalar daidaita adadi a jikin yaro, shi ya sa ba a cika fara wa yara da shi ba.

Levetiracetam, wato Keppra, sabo ne idan aka kwatanta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunanta a 2023. Yana aiki a kan ire-ire da yawa, ba ya rikici da sauran magunguna, kuma ya fi valproate aminci ga mata. Wasu yaran yana sa su faɗa da kuka da taurin kai. Matsalarsa a nan tsada ce da yankewa. Lamotrigine ma yana da kyau ga ƴan mata, sai dai dole a hau shi a hankali cikin makonni da yawa, kuma in ana haɗa shi da valproate ana rage adadinsa sosai.

Kafin a bar ofishin likita a yi masa tambayar da mutane ke jin kunyar yi: nawa wannan magani zai ci a wata, kuma ana samunsa kullum a Damagaram? Idan aljihu ba zai ɗauka ba, a faɗa tun a nan. Maganin da ya zo na biyu a kyau amma ana shansa kowace rana ya fi na ɗaya da za a sha wata biyu a tsaya, domin tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Tun 2006 dokar Nijar ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a asibitocin gwamnati, sai a tambayi abin da ya shiga ciki, amma a shirya wa ranar da za a ce maganin ya ƙare sai an saya a farmasi.

Mataki na huɗu: hawa a hankali, da awon nauyi

Adadin maganin yaro ana lissafa shi ne da kilo. Ana farawa da kaɗan, a ƙara bayan mako ɗaya ko biyu, har faɗuwar ta tsaya ko illa ta bayyana. A taƙaice, phenobarbital yakan tsaya tsakanin miligiram 3 zuwa 5 ga kowane kilo a yini, valproate 20 zuwa 30, carbamazepine 10 zuwa 20, levetiracetam 20 zuwa 40 ko sama kaɗan. An kawo waɗannan ne don iyaye su fahimci lissafin, yanke adadi kuwa aikin likita ne. Phenobarbital yana ɗaukar mako 2 zuwa 3 kafin ya daidaita a jini, don haka faɗuwa a makon farko ba ta nufin ya gaza.

Ga abin da ke yawan faruwa. Yaro mai kilo 20 an sa shi a kan valproate miligiram 400 a yini, wato 20 ga kowane kilo, ya samu lafiya, iyaye suka ci gaba da sayen maganin da tsohuwar takarda. Bayan shekara uku ya kai kilo 28, adadin ya koma kusan 14 ga kilo, faɗuwa ta dawo, sai a ce maganin ya daina aiki. Maganin yana nan yadda yake, yaron ne ya girma ya bar adadin. A auna shi duk zuwa asibiti, aƙalla kowane wata 3 zuwa 6.

Maganin ruwa yana buƙatar kulawa ta musamman, domin kasuwarmu tana cin kaya daga ɓangare biyu. Dépakine na ruwa da ke zuwa ta hanyar Faransa iri biyu ne, ɗaya miligiram 200 a kowane mililita, ɗaya kuma siro mai miligiram 57 da ɗoriya. Wanda ake kawowa daga Kano da sunan Epilim shi ma valproate ne, amma miligiram 200 ne a mililita 5. Wanda ya auna na farkon da ma'aunin na ƙarshen ya ba yaro ninki biyar. A yi amfani da sirinjin da ya zo cikin kwalin kawai, a bar cokalin gida, kuma duk lokacin da kwali ya sauya a nuna wa mai farmasi kafin a ba da. A kuma rubuta ainihin sunan maganin a karnen yaro, wato littafinsa na asibiti, don kada a haɗa masa Dépakine da Epilim ana zaton abubuwa biyu ne. Ƙwayoyin da aka rubuta wa Chrono ko LP, wato masu sakin magani a hankali cikin jiki, ba a niƙa su ba a tauna su. Ƙwayar valproate tana jan danshi, a bar ta cikin ledarta har lokacin sha, kuma a ajiye duk magani a ɗaki mafi sanyi, nesa da rana, musamman a watannin bazara. Na masu talla a kan tebur ko a tire a bakin kasuwa, wanda ya wuni cikin rana kuma ba a san asalinsa ba, a bar shi ko da rabin kuɗi ne.

Mataki na biyar: littafin faɗuwa

A sayi ƙaramin kaye na ƴan makaranta. A rubuta rana da lokacin kowace faɗuwa, tsawonta, irinta, da abin da ya gabace ta: zazzaɓi, rashin barci, mantuwar magani. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, wanda bai iya rubutu ba ya ja layi a kalanda. A ɗaure shan magani da abin da ba ya sauyawa, kamar bayan sallar asuba da bayan magariba, kuma mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin bayarwa, domin a gidan yawa kowa kan ɗauka wani ya bayar. In an manta, a bayar da zarar an tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, kuma ba a ninkawa. A sayi na wata mai zuwa tun da sauran na mako guda.

Alamar da ba a jira da ita

Ƙuraje a fata cikin wata biyu na farko da fara carbamazepine, phenobarbital, phenytoin ko lamotrigine, musamman tare da zazzaɓi, jan ido, ko gyambo a baki da leɓe, suna iya zama farkon wata illa mai saluɓe fata wadda ke kisa. Tana kama da ƙyanda, har a zauna gida ana jiƙa mata magani. A kai yaron asibiti a ranar, kafin a ba shi na gaba, a tafi da kwalin.

Haka kuma duk wanda zai rubuta wa yaron wani magani a gaya masa abin da yake sha. Carbamazepine, phenytoin da phenobarbital suna sa hanta ta ƙone wasu magunguna da sauri, har da Coartem na zazzaɓin cizon sauro, don haka mai duba shi yana buƙatar sani kafin ya zaɓa. Erythromycin yana tara carbamazepine a jini har yaro ya riƙa tangaɗi. Aspirin ba ya tafiya da valproate, paracetamol ne na zazzaɓi. Tramol kuwa da kansa yana tayar da faɗuwa, kuma iyayen samari su san da haka.

Mataki na shida: idan na farko bai yi ba

Kafin a ce magani ya gaza, a bi tambayoyi huɗu tare da likita: ana shansa kullum, adadin ya kai na nauyin yaron, maganin na gaske ne, kuma irin faɗuwar da aka ɗauka tun farko ita ce? Sau da yawa amsar tana cikinsu. In duk sun yi daidai kuma faɗuwa ta ci gaba, ko illar ta fi ƙarfin yaron, sai a sauya. Ana shigar da sabon a hankali har ya kai, sannan a janye tsohon kaɗan-kaɗan, ba a cire ɗaya yau a sa ɗaya gobe. Wani sanannen bincike da aka buga a 2000 a kan marasa lafiya a Glasgow ya nuna kashi 47 cikin 100 sun daina faɗuwa da maganin farko, kashi 13 kuma da na biyu, bayan nan ribar kowane sabon gwaji ta ragu ƙwarai. Shi ya sa idan magani biyu da suka dace, a cikakken adadi, suka kasa, lokaci ya yi da za a nemi ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, ko da sai an yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, a sake duba ciwon daga tushe maimakon a yi ta tara magani uku ko huɗu a kan yaro yana wuni cikin maye.

Addu'a da ruƙiya da rubutu ba su hana shan ƙwaya, kuma malamin kirki ba zai ce a ajiye ta ba. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su ne abin tsoro, musamman ga hantar yaron da ke kan valproate. Yaron da ya isa azumi a tafi da shi wurin likita tun cikin Sha'aban, a ga ko za a iya mai da shan zuwa sahur da buɗa-baki, ko kuwa yana cikin waɗanda aka yi wa rangwame.

Kafin magani ya kama

A watannin da ake lalube faɗuwa za ta iya zuwa. A kwantar da yaro a gefensa, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a duba agogo. Ba a sa cokali ko yatsa a baki, ba a danne shi, ba a ɗura masa ruwa ko magani, ba a yi masa hayaƙi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, don haka ba dalilin gudu ko raba masa kwano. Idan jijjiga ta wuce minti 5, ko ta sake zuwa bai farfaɗo ba, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, inda ake ba da diazepam ta dubura ko ta jijiya. Wanda gidansa ke nesa ya tambayi likita ko za a koya masa bayarwa a gida. A raba yaron da bakin murhu, da ɗibar ruwa a rijiya, da wanka a tafkunan da ke cika da damina, da hawan bishiya, amma a bar shi ya je makaranta, a kuma sanar da malaminsa abin da zai yi.

Idan yaro ya cika shekara 2 bai faɗi ba, likita zai iya duba yiwuwar janye magani, kuma yara da yawa suna rabuwa da shi har abada, musamman masu ɗaukewar hankali ta ƙuruciya. Masu zaburar safiya da ta fara a samartaka da masu tabo a ƙwaƙwalwa sukan daɗe a kansa. Janyewar ana yin ta ne cikin watanni, kashi-kashi, phenobarbital ya fi kowanne buƙatar jinkiri, kuma a wannan lokacin ana komawa ga kiyaye ruwa da wuta kamar farkon farawa, kayen faɗuwa kuma yana nan a buɗe har shekara guda bayan ƙwaya ta ƙarshe.